Garwa Huɗu, Zuwa Jos da Dawowa

Ni ne na koya wa direbobin Bauchi tsimin fetur, kuma da za a mayar da ni wannan shekara da na sa allura da zare na ɗinke bakina. Har yau in na ga wani saurayi ya miƙe a gaban dattawa da alli a hannu yana murmushi, sai in ji masa tsoro, don na san daɗin da yake ji, kuma na san inda irin wannan daɗi ya kai ni.

Abin ya faru saura shekara biyu ko uku Turawa su miƙa mulki. A lokacin jirgin ƙasa bai iso garinmu ba. Gyaɗa da auduga da fatu duk sai an ɗora su a lori an hau da su Jos, a sauko da gishiri da siminti da kwanon rufi. Ni kuwa bakanike ne a garejin wani kamfanin sayen kaya mai lori goma. Na yi elementare, na je na yi shekara uku ina koyon gyaran inji, na dawo da takardar shaida da gajeren wando da kai a kumbure. A duk garejin ni kaɗai nake iya karanta littafin da ke zuwa tare da sabuwar mota, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

Fetur a garwa yake zuwa a wancan zamani, garwa mai cin galan huɗu, biyu-biyu a cikin akwatin katako. Direban da zai je Jos ya dawo, garwa biyar ake zuba masa. Abin da ya yi saura a tanki bayan ya dawo, nasa ne. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ba kuma wanda ya taɓa furta shi da baki, amma kowa ya sani. Baturen da ke manajan kamfanin ma ya sani, kau da kai kawai yake yi. Rara ake ce masa. Direba yakan zuƙe rararsa da tiyo, ya sayar wa mai babur ko masu wanke kwat da fetur, ya sayi cefane. Albashin direba bai taka kara ya karya ba, rarar ce ke ciyar da gida.

Amma ba duka ake sayarwa ba. Kowane direba yana barin galan ɗaya ko biyu saboda hanya. In ka tarar da ɗan'uwanka ya tsaya a daji mai ya ƙare masa, ko na wane kamfani ne, ko wane yare yake yi, sai ka tsaya ka zuƙo masa, ba ciniki, ba dogon godiya. Wanda ya wuce mai tsayuwa bai tsaya ba, kafin ya iso gari labarinsa ya riga shi, ranar ba wanda zai matsa masa a benci a tasha. Ni na san wannan duka. Ina so a riƙe wannan, don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani.

Babban direban kamfanin wani dattijo ne maƙwabcinmu a Ƙofar Ran, aminin mahaifina. Bafillace ne, annoba ta cinye shanun gidansu yana matashi, ya shigo gari ya kama mota. Baba nake ce masa. Shi ya fara ɗora hannuna a kan sitiyari, kuma lorinsa ce ta kwaso kayan ɗakin matata ranar da ta tare. Lorin nan ita ce mafi tsufa a garejin. Nagge yake kiranta, wato saniya da Fulatanci, kuma kamar saniyar yake bi da ita. Da safe sai ya zagaya ta, ya shafa mata goshi, ya tayar da ita, ya karkata kai yana saurare. Bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma in ya ce maka fulogi na uku ne ba ya ci, kada ka wahalar da kanka kwance sauran.

A shekarar da nake magana fetur ya yi wuya. Aka ce jiragen ruwa ne ba sa isowa a kan kari. Direbobi suka shiga gunaguni a tasha, ni kuma na shiga yi musu wa'azi. Na ce rabin man da suke ƙonawa iska suke shayarwa. Ran nan Baba ya gaji da ni, ya ce, "To ɗana, tunda bakinka ba ya gajiya, ga zaurena nan. Ka tara su ka faɗa musu gaba ɗaya, mu huta da kai."

Wasa yake yi, ni kuwa na ɗauka da gaske. Na samo falanki, na shafe shi da baƙin fenti, na roƙo alli wurin wani malamin makaranta. Ranar Alhamis da Lahadi, tsakanin la'asar da magariba, muka fara aji a zauren Baba. Ranar farko mutum bakwai suka zo, su ma don su ga yadda zan ji kunya ne. Kafin wata ya ƙare zauren ya daina ɗaukar mu, sai a ƙofar gida muke shimfiɗa tabarmi. Akwai direbobinmu, akwai na Alhazan cikin gari masu lori ɗaiɗai, akwai direbobin Turawan Bariki masu farin kaki, waɗanda ba sa zama a tabarma don kada kakin ya yi datti.

Abin da na koyar ba tsafi ba ne. Na ce su duba iskar taya kowace safiya, don taya mai laushi jan mota take yi baya. Na nuna musu yadda ake wanke matatar iska, da yadda ake goge fulogi a gyara masa baki. Na kwance kafireto, inda mai ke gauraya da iska, a kan tabarma gunduwa-gunduwa, na mayar da shi suna kallo. Na ce wanda ya ja cok da safe don ƙara wa inji mai ya tashi, ya tuna ya mayar, kada ya kai Jos da shi a jawe. Na ce a daina barin inji yana aiki mutum yana can yana shan fura. Na ce a ɗaure duk inda mai ke ɗiga, don ɗigo ɗaya-ɗaya kafin yamma ya cika kwalba. Abin da ya fi yi musu zafi shi ne da na ce a daina taka totur a tasha don burge mata masu tallar abinci.

Wani direba daga ƙauyukan kan dutse, mai Hausar kasuwa, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in mota bai yi ƙara ba, wa zai san ni ya zo?"

Aka kwashe da dariya. Baba ya ce, "Warinka zai faɗa musu." Daga ranar sunan Malam ya bi ni, har Baba ya bar ce mini ɗana ya koma Malam, yana faɗa yana kashe ido.

Abu ɗaya na hana da babbar murya. Direbobi suna da wata ɗabi'a, in sun fito daga Jos suka kama gangaren duwatsu, sai su fitar da giya su kashe inji, mota ta yi ta gangarawa da nauyinta ba ta shan komai. Na ce wannan ba tsimi ba ne, neman mutuwa ne, birki kaɗai ba ya riƙe lori mai lodin siminti. Na sa kowa ya yi mini alkawari. Baba ne ya fara, ya ce shi dama ya tsufa da wannan wasa.

Karatun ya yi amfani, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Wanda da yake dawowa da galan biyu ya koma dawowa da huɗu, wani har biyar. Ba su faɗa mini adadi ba, ba a faɗa, amma na gani a fuskokinsu da kuma a ƙofar gidana. Wannan ya ajiye mini doya, wancan ya kawo zabi biyu a ɗaure, wani goro. Baba ya ɗinka wa iyalinsa sababbin zannuwa ba salla ba biki. In na shiga tasha sai a tashi a ba ni wuri. Da ina da hankali da nan na tsaya.

Amma a lokacin ana ta maganar cewa Turawa za su tafi, za a ba 'yan ƙasa manyan kujeru. Heluman garejinmu, wato shugaban kanikawa, zai bar aiki, kuma mu uku ne muke hangen wurin. Sauran biyun sun girme ni a aiki. Ni abin da nake da shi shi ne ajin nan, ga shi kuma manaja bai san da shi ba. Sai na ƙudura cewa za a yi bikin rufe aji, a gayyato shi, in nuna masa a aikace.

Na faɗa wa Baba da yamma, yana zaune a dakalin ƙofar gidansa yana yanke farce da reza. Bai ɗago ba. Ya ce, "Me za ka nuna masa?"

Na ce zan ɗauki lori in je Jos in dawo, a auna man da na zuba, a auna wanda ya rage, a ga bambanci.

Ya ajiye rezar. Ya ce, "Malam, ka koya mana, mun gode, Allah Ya saka. In kana son Bature ya zo, ya zo ya ga kafireto a tabarma, ya tafa maka. Amma ka bar cikin tanki. Shi bai tambaya ba, mu ba mu faɗa ba, shekara ashirin muna zaune lafiya a haka."

Na ce masa ai zamani ya canja, yanzu komai da ma'auni ake yi, ƙasar da za ta riƙe kanta ba za ta zauna a kan ɓoye-ɓoye ba. Ni ne na faɗi wannan, ga mutumin da ya san ranar da aka raɗa mini suna. Ya dube ni ya ce, "To, Allah Ya sa alheri," ya ci gaba da yanke farcensa.

Yanzu bari in faɗi yadda na yi gwajin, don ban taɓa faɗa wa kowa dalla-dalla ba. Na zaɓi lori mafi sabunta a garejin, wadda ba ta cika wata shida ba. Na kwana biyu ina gyara ta. Na sa aka yi mini rabin lodi, na auduga. Rani ne, hanya busasshiya, ba taɓo ko na magani. Na tashi da sanyin safiya, ban tsaya ɗaukar kowa ba, ban tsaya gaisawa da kowa ba. A dawowa kusan wayam na sauko, 'yan buhunan gishiri ne kawai a baya. Kuma a gangaren duwatsun nan, inda na sa dattawa suka yi mini alkawari, na waiga na ga ba mota gaba ba mota baya, na fitar da giya na kashe inji.

Ranar biki aka share ƙofar gidan Baba, aka yayyafa ruwa. Aka aro kujera mai hannu aka ajiye wa manaja. Ya zo da akawunsa, wani siririn mutum mai fensir a bayan kunne. Direbobi sun sa rigunansu na Juma'a. Na yi bayani da Hausa, na juya da Turanci, na ji muryata tana yi mini daɗi. Daga ƙarshe aka zuƙe abin da ya rage a tankin lorin a gaban kowa, aka auna. Na ɗauki alli na rubuta a allon da manyan baƙaƙe cewa garwa uku da rabi sun kai mota Jos sun dawo da ita.

Manaja ya tafa. Direbobin Bariki suka tafa, su da ba abin da ya shafe su. Namu direbobin ba wanda ya motsa. Yawancinsu ba sa karatu, amma sun ga garwa ɗaya da rabi a ajiye a gaban Bature, ba sa buƙatar wanda zai karanta musu. Na ga akawu ya zaro fensirinsa daga bayan kunne. Baba ya tashi ya shiga gida, ya ce zai yi alwala, alhali da sauran lokaci kafin magariba.

Ba a yi mako biyu ba aka liƙa takarda a ƙofar gareji. Daga yau garwa huɗu ne zuwa Jos da dawowa. Manaja a ganinsa ma ya yi adalci, ya ƙara rabin garwa a kan abin da Malam ya rubuta. Kafin wata ya zagayo Alhazan cikin gari sun ji labari, su ma suka mayar da nasu huɗu. Kowa ya yi tsimi, in ban da mutanen da na tara na koya wa tsimin.

Doya ta daina zuwa ƙofar gidana. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ya dame ni shi ne shirun da ake yi in na shigo tasha. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da na samu abin riƙewa. Gaisuwa suke yi mini cikakkiya, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, sannan kowa ya mayar da idonsa kan ƙoƙon furarsa. Duk wanda ya fito daga Jos kuwa sai ya kashe inji a gangare, har da waɗanda da can ba sa yi. Ba su ɓoye mini ba, birkinsu ne ke zuwa hannuna a ƙone. Da wane baki zan hana su?

Masu sababbin motoci suna ƙoƙartawa su iso da ƙyar. Nagge kuwa tsohuwa ce, tana shan mai kamar yadda tsoho ke shan kunu, rabi a ciki rabi a haɓa. Na san haka fiye da kowa, ni nake kwance ta. A rani Baba yana isowa da ita tanki a bushe ƙayau. Sau biyu na san ya sayi galan da kuɗin aljihunsa a Jos, mutumin da da shi ke sayarwa. Bai yi mini ƙorafi ba ko sau ɗaya. Yakan kawo ta gareji ya ce, "Malam, a duba mini ita, ko akwai abin da karatu zai ƙara mata." Ban san ko gatse yake yi ba ko da gaske yake, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Sai damina ta sauka. Hanyar ta zama taɓo, mota ta yi ta tafiya a giya ɗaya da biyu, inji yana kuka, mai yana tafiya. Wata Talata Baba ya taso daga Jos da lodin gishiri. Ya kafe sau biyu, ya fita, saura mil goma sha wani abu ya shigo gari mai ya ƙare. Ya tsaya a gefen hanya yana jiran wanda zai zuƙo masa, kamar yadda shi ya yi wa mutane shekara da shekaru. Motoci huɗu suka zo. Duka huɗun sun tsaya, wannan dai ba a fasa ba. Kowanne ya sauko, ya tsoma sanda a tankinsa, ya nuna wa Baba, ya ce, "Ka gani, Baba, in na ba ka ni ma a nan zan kwana." Ɗaya daga cikinsu, mai Hausar kasuwar nan, an ce har hawaye ya yi. Kafin saƙo ya iso gareji a nemi wanda zai sa hannu a fitar da garwa, a samu motar da za ta kai, an yi kwana biyu, ruwa kuwa bai ɗauke ba. Tamfol ɗin Nagge ya tsufa kamar ita. Rabin gishirin ya narke ya bi rariya.

Aka kira Baba ofis. Aka kira ni ma, don ni ne masanin mai. Manaja yana zaune, akawu yana tsaye yana fassara, Baba yana durƙushe a kan siminti, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai ranar, ashe duk ya yi fari. Akawu ya ce ana zarginsa da sayar da man kamfani a hanya. Baba ya ce wallahi tun da aka koma garwa huɗu bai sayar da ko cikin cokali ba, man ne ba ya isa.

Manaja ya juyo wurina ya yi mini tambaya ɗaya, da Turanci. Ya ce garwa huɗu suna isa ko ba sa isa?

Amsar tana bakina. Sabuwar mota, rabin lodi, rani, gangaren da na kashe inji. Magana ce da ba za ta ci minti ɗaya ba. Amma in na faɗe ta, na ce ke nan abin da na rubuta a allo a gabansa wasan yara ne, kuma a makon nan ne za a faɗi wanda zai zama heluma. Na ji bakina yana cewa, "Suna isa, ranka ya daɗe, in an bi abin da na koyar."

Da Turanci na faɗa, ina fatan ya wuce ta saman kan Baba. Akawu, Allah Ya saka masa da abin da ya dace da shi, ya juya ya fassara masa kalma bayan kalma. Baba bai dube ni ba. Ya mayar da hularsa, ya zaro makullin Nagge daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya ce, "To, madalla." A ranar aka sallame shi, da sunan ɓarawon mai, sunan da ya sa babu mai lori a garin nan da zai sake ba shi mota. Ranar Asabar aka ba ni heluma.

Mahaifina bai yi mini magana ba har wata uku. Na tashi daga Ƙofar Ran na kama haya a Fadaman Mada, na ce wa mutane don ya fi kusa da aiki ne. Ƙarya ce, ba na iya wuce ƙofar zauren nan ne kullum safe da yamma. Sau ɗaya na aika wa Baba da buhun dawa. Aka dawo mini da shi da saƙon cewa ya gode, amma gidansa ba a rasa abinci ba tukuna.

Mulkin kai ya zo. An yi kiɗa, an raba wa 'yan makaranta tuta, ni ma na sa babbar riga na je na tsaya a rana. Turawan Bariki suka fara tafiya, namu suka shiga gidajen, kowa da doguwar mota. Na sha wucewa ta can in ga mota a ƙofar ofis tana aiki awa guda cur ba kowa a ciki, don kada maigida ya fito ya jira a tayar. Ba wanda ya taɓa tsoma sanda a tankinsu. Har aka sake gayyata ta in koyar da direbobin manyan, a ɗaki mai fanka da allo na gaske. Na je, mana. Na faɗi iskar taya, na faɗi fulogi, suna gyangyaɗi. Aka ba ni takardar yabo, tana nan a ƙasan akwati, ban taɓa rataye ta ba. Nagge kuwa da hannuna na kwance ta, aka raba kayanta a jikin sauran motoci.

A ranin da ya biyo baya rijiyar gidan da nake haya ta ƙafe. Matata takan sayi ruwa wurin 'yan garuwa, masu rataya garwa biyu a sanda su bi unguwa. Garwar fetur ce dai irin tamu, in ta ƙare a wanke ta a sa mata marikin katako. Wata Juma'a da hantsi ina zaune a tsakar gida na ji ta leƙa ta kira mai ruwa. Aka yi sallama. Tun kafin in ɗago na gane muryar.

Ya rame, kafaɗarsa ɗaya ta sauka ƙasa da ɗayar. Shi ma bai san cewa gidana ne ba, na ga haka a idonsa, amma bai juya ba. Matata ta gane shi, ta saki murfin randa, ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana," sannan ta shige ɗaki da gudu ta rufe fuska. Na miƙe na kai hannu zan karɓi sandar. Na ce, "Baba, don Allah kawo, sauke." Na buɗe baki zan faɗi maganar da na yi shekara biyu ina shiryawa, ta sabuwar mota da rabin lodi da gangare.

Ya kauce wa hannuna. Ya sauke garwanin da kansa a gaban randa, a hankali, yadda yake tsayar da Nagge ba tare da ta girgiza ba. Ɗaya ta ɗan zube a hanya, ruwan bai kai baki ba. Ya nuna mini ita da ɗan yatsa.

Ya ce, "Malam, auna kafin in juye. Wannan ta ragu kaɗan, tuntuɓe na yi a bakin kwata. Ban sayar wa kowa a hanya ba."

Ban auna ba. Ya juye ruwan, ya karɓi kwabonsa a hannun matata ta bayan labule, ya rataya sandarsa ya yi mana sallama. Bai sake biyowa ta layinmu ba. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ya rasu, na je jana'iza na tsaya a sahun baya. Tsofaffin ɗalibaina ne suka ɗauki makara, kuma ba wanda ya matsa mini in sa kafaɗa.